Sawun da Ke Ƙarƙashin Ƙwarya

Al'amarin ya fara ne ranar wata Laraba cikin watan Yuni, a shekarar da damina ta ƙi sauka a Matameye, sojoji kuma suna riƙe da mulkin ƙasa. Ranar Lahadin da ta gabata aka kawo geron da mutanen unguwa suka haɗa ƙarfi suka saya, aka jibge shi a mangaza, ɗakin ajiyar da ke bayan masallaci, domin a tsallake watannin yunwa da shi. Litinin da yamma hadari ya taso daga gabas, mata suka fito da tukwane suna kabbara, amma iska kaɗai ya zubar ya wuce. Laraba kuwa, ana idar da sallar asuba, aka tarar an ɓalle kwaɗon mangazar, fiye da rabin buhunan sun yi ƙafa.

Aka aika a kira Rabo mai bin sawu. Dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin shanun sata tsakanin Kance da Yauri. Da ya iso ya tarar jama'a sun cika harabar mangazar sun tattake ƙasa. Ya tsaya a bakin danga yana kallon ƙafafunsu kawai.

"Kawu, ba duka suka ɓata ba," in ji Cha'ibu.

Cha'ibu ɗan ƙanwar Rabo ne. A hannun Rabo ya tashi tun rasuwar uwarsa, ya yi lekol, makarantar boko, har ya iya alƙalami, shi ya sa aka ba shi sakataren komiten mangaza.

"Ni na fara zuwa da asuba," in ji shi. "Na ga sawu ɗaya a gindin bango, na kife shi da ƙwarya yadda ka koya mini."

Haka al'adar take a wannan ƙasa. In an yi sata, wanda ya fara ganin sawun ɓarawo sai ya kifa masa ƙwarya, don kada iska ko ƙafar mutane su share shi kafin mai bin sawu ya zo.

Rabo ya tsuguna. An ɗora dutse a kan ƙwaryar, rairayi kuma ya taru a gefenta na gabas har ya binne bakinta. Ya yi bisimilla ya ɗaga. Sawun ƙafar hagu ne, ba takalmi, yatsu uku.

Babu wanda bai san wannan ƙafa ba. Tanko ɗan ci-rani ne, a Legas ƙarfe ya faɗo masa a wurin gini ya datse masa yatsu biyu. Bana rufe iyaka ya zaunar da shi gida, yana dako da duk aikin da ya samu.

"Sawun Tanko ne," in ji Rabo. "Amma..."

"Amma me?" in ji mai unguwa Shekara.

Rabo ya sake duban sawun. Wani abu ne ya tsaya masa a rai, bai kuwa gane ko mene ne ba.

"Ku ba ni lokaci. Kada a taɓa kowa tukuna."

Ya ga wasu sun kalli juna.

*

A bayan danga ya sami sawun amalanken shanu mai nauyi. Ya bi shi ta cikin gonakin da aka share aka bari suna jiran ruwa, rana tana dukan ƙeyarsa, har sawun ya hau kwalta ya ɓace. Ya duba gefen titin ta wajen Kance, ya dawo ya duba ta wajen iyaka. Ya wuce mahaɗar hanyar Tsauni, inda tasa gonar take da tsohon rumbunsa. Garken shanu ya bi ta nan da safe ya niƙe ƙasar. Bai tsaya ba. Rabonsa da gonar tun kaka, Cha'ibu ne ke leƙa masa ita.

Ya dawo gari bayan azahar ya tarar unguwa ta rikice. Wani hoto ne ya shigo salular mutane daga wata lambar da ba a sani ba. Aka miƙa masa wata salula mai tsagaggen gilashi, ya ƙanƙance ido ya duba. Ga ƙofar mangaza a buɗe cikin duhun asuba, ga amalanke, ga Tanko shi kaɗai da buhu a ka.

"Yanzu fa, Baba Rabo? Har yanzu akwai amma?" in ji wani matashi.

Kafin ya amsa aka ji ƙugin mota. Nan take kowa ya yi tsit. A waɗannan kwanaki haka mutane suke yi in motar masu kaki ta shigo unguwa: mai magana ya haɗiye maganarsa, mai salula ya tura ta aljihu. Jandarmomi suka fito da Tanko daga gidansa, da ƙyar suka raba shi da masu duwatsu. Yana ta cewa, "Wallahi ban sani ba, wallahi ban sani ba," har aka rufe ƙofar mota.

Shugabansu wani ajidan ne mai sanyin murya, wanda ya san Rabo tun wata satar raƙuma. Ya ja shi gefe.

"Baba, wannan shekarar satar cimaka ba ƙaramar magana ba ce. An riga an ji a sama. Ranar Asabar mota za ta kai shi Damagaram, daga nan kuma ba hannuna."

Rabo ya san abin da ake faɗa a ƙasa-ƙasa game da waɗanda aka kai can da irin wannan tuhuma, cewa iyalansu kan daɗe ba su ji ɗuriyarsu ba. Ko gaskiya ne ko ƙari ne, babu wanda yake son a gwada a kan nasa. Kuma bakinsa ne ya fara ambaton sunan Tanko.

*

Alhamis da safe ya nufi shagon Alhaji Illo, ɗan kasuwar Damagaram da ke sayar da hatsi a bakin kwalta, ba nisa da inda sawun amalanken ya ɓace. Tun jiya ake ta raɗa cewa Tanko ɗan aike ne kawai, mai mota ne ya sa shi.

"A'a, karen farautar Matameye!" in ji Alhaji, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yau ni ake shinshina?"

"Kowa ake shinshina, Alhaji. Kai dai ka fi kowa ƙamshi."

"Shiga ka duba. Na roƙe ka ka duba, a gaban mutane."

Rabo ya shiga. Buhunan Alhaji ɗinkin inji ne da farin zare, na mangaza kuwa da kaba aka ɗaure bakinsu. Ya zagaya baya ya duba ƙasa: tayar babbar mota, sawun jakuna, babu amalanken shanu ko ɗaya tun bayan iskar Litinin.

Da zai tafi Alhaji ya riƙe masa hannun riga.

"Rabo, ni baƙo ne a garin nan, kuma ina da hatsi a shekarar yunwa. In Tanko bai ishe su ba, ni za su waiwaya. Tun jiya iyalina ba su sa komai a baki ba."

"Ban ga sawunka ba, Alhaji. Abin da zan faɗa ke nan in an tambaye ni."

A ƙofar gidansa ya tarar da Habsatu matar Tanko, tsugune a gindin bango da goyo a baya. Ta gaishe shi kanta a ƙasa, sannan ta kwance wani ƙulli ta baje tsummoki masu ruwan toka a gabansa.

"Baba, ni ban iya magana ba. Amma ka dubi wannan. Ita ce rigar da ke jikinsa a hoton."

"To?"

"Ranar Lahadi ya sa ta, da ya je sauke gero. Buhu ya yaga ta tun daga kafaɗa. Litinin da safe na yayyanka ta na yi wa yarinya ƙunzugu. Ta yaya zai sa ta ranar Laraba?"

"Kin gaya wa jandarmomi?"

"Na je. Na kasa shiga. Ƙafafuna suka ƙi." Ta share ido da gefen mayafi. "Kuma wa zai ji matar ɓarawo da tsumma a hannu?"

Rabo ya ɗauki tsumma ɗaya ya jujjuya.

"Ranar Lahadi, akwai wanda ya ɗauki hoto?"

"Batulu mai foto. Komite ne suka kira ta."

*

Shagon Batulu yana kusa da tasha, kuma tun Laraba da rana yake a rufe. Rabo ya bi ta ƙofar baya ya yi sallama, ya sake yi. Can ya ji motsin sakata.

Batulu budurwa ce da ta koyo aikin hoto a Damagaram. Kakarta ƙawar uwargidan Rabo ce, don haka wasan jika da kaka ke tsakaninsu. Yau ma ta yi ƙoƙari.

"Tsoho mai ran ƙarfe, hoton neman aure ka zo ɗauka?"

Amma ta mayar da sakata da sauri bayan ya shiga.

"Wa zai aure ni da wannan fuska? Sai kin gyara ta. An ce kina iyawa."

Da ma wasa yake yi. Amma ita ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan benci kamar an tura ta.

"Kaka, wallahi ba ni na yi ba."

"Ban ce ke ce ba. Faɗa mini abin da kika sani."

Ta buɗe ordinater ɗinta, na'urar da take aikin hoto da ita. Ta ce wata manhaja ce ta gyaran hoto, sabuwa, masu ita ba su gama ƙera ta ba. Sigar gwaji ce suka ba wasu masu sana'ar hoto su yi aiki da ita, su riƙa gaya musu inda take kuskure. Ita ta nema aka ba ta. Tana haska hoto, tana duhunta shi, tana kuma cire abin da ba a so.

"Cirewa kamar yaya?"

Ta ɗauko hoton wani suna, mata sun jeru da jariri a tsakiya. Ta zagaye wata mata da ke gefe, ta danna. Hoton ya ɗan yi hazo. Da ya washe babu matar. Bango ne a wurin, da tabarma, kamar ba a taɓa haihuwarta ba.

"A'uzu billahi," in ji Rabo. Ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Ya taɓa kwana a daji da kuraye suna kuka kusa da shi, bai ji abin da ya ji yanzu ba. Duk rayuwarsa ya dogara ga abu ɗaya, cewa wanda ya tsaya a wuri sai ya bar alama.

"Wa kika ba wannan abu?"

"Suna so a yaɗa ta, don a sami masu gwadawa da yawa. Na sa wa masu zuwa shago a salularsu, samari, malaman lekol, har ɗan Alhaji Illo. Wasa muke yi da ita, Kaka. Wannan ya cire surukarsa, wancan ya cire tumbinsa." Ta rage murya. "Hotunan Lahadi kuma duka na tura wa ƴan komite, daga nan suka bazu. Ina ganin na Tanko na gane nawa ne. In aka bincika, shagona za a zo. Ka san abin da ake yi wa wanda aka ce ya yaɗa ƙarya a salula yanzu."

"Nuna mini naki."

Ta jera su biyu, nata na Lahadi da na Laraba. A hagu rana ce ta la'asar, amalanken ƙarshe ya iso, mutane sun cika harabar: mai unguwa, ƴan dako, Cha'ibu a tsaye a gindin bango, Tanko da buhu a ka. A dama duk an share su an bar Tanko, an zuba duhu.

"Tana da aibi," in ji Batulu. "Na ma rubuta musu. Mutum take gani ta goge, amma abin da ke ƙasa sai ka zagaye shi da hannunka, in ba haka ba ta bar shi."

"Ƙasar nake so. Ƙara mata girma. Ta damar, mai duhun."

Ta buɗa hoton, ta ƙara masa haske. Rabo ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashi. Ga sawun mutane birjik kewaye da mutum ɗaya. Ya bi su da yatsa a hankali zuwa gindin bango. Nan yatsan ya tsaya.

Ƙwarya ce a kife, da dutse a kanta.

Ya dubi hoton hagu. Tana nan, dab da ƙafar Cha'ibu.

Sai a lokacin abin da ya tsaya masa a rai ranar Laraba ya faɗo. Rairayin da ya binne bakin ƙwaryar ta gabas, iskar Litinin ce ta tara shi. Ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, bai yarda ya karanta ba, domin wanda ya ce da asuba ya kife ta yaron da ya goya ne.

"Kaka, lafiya? Zauna mana."

Ya zauna. Ya daɗe yana jan carbi bai san abin da yake karantawa ba.

"Gobe bayan la'asar za ki kawo wannan na'ura zauren mai unguwa."

"A gaban ajidan? Kaka, ka rufa mini asiri."

"In kika ɓoye, ranar da suka gano da kansu ba mai yarda da ke. In kika kawo, ni zan tsaya a gabanki."

*

Juma'a bayan la'asar zauren mai unguwa Shekara ya cika, waɗanda ba su sami wuri ba suka tsaya a waje suna leƙe. Ajidan ya zauna a kujera, jandarma ɗaya a bayansa da bindiga. Aka zaunar da Tanko a ƙasa a ɗaure, idanunsa sun faɗa. Alhaji Illo yana gefe yana goge wuya da hula. Batulu ta rungume na'urarta a ƙirji. Cha'ibu ya zauna kusa da kawunsa, kamar kullum.

Rabo ya fara da Alhaji. Ya ce ya duba shagonsa ciki da waje, bai ga buhun mangaza ba, bai ga sawun amalanken ba. Alhaji ya sauke ajiyar zuciyar da aka ji har ƙofa.

Sannan ya ajiye ƙwarya a tsakiyar zaure.

"Cha'ibu, ka san wannan?"

"Na sani, Kawu. Ita na kife sawun da ita."

"Daga ina ka ɗauko ta?"

"Ta shan ruwa ce, tana kan randar mangaza."

"Yaushe ka kife?"

"Na faɗa ai. Laraba da asuba, da na tarar an ɓalle kwaɗo."

"Kafin nan tana kan randa?"

"Tana kan randa."

"Ka tuna da kyau, ɗana. Babu gaggawa."

Cha'ibu ya yi ƴar dariya ya dubi jama'a. "Kawu, tsufa ne ya fara? Kowa a nan ya ji ni."

"Kowa ya ji," in ji Rabo. "Batulu."

Ta buɗe na'urar a gaban ajidan. Ta yi bayanin manhajar da muryar da ba ta fita sosai, ta nuna hoton Lahadi, ta nuna na Laraba. Aka fara gunaguni.

"Hoto biyu," in ji ajidan. "Ɗaya ƙarya ne. Me zai hana a ce ke kika ƙara mutane a naki don ki fid da shi?"

Batulu ta dubi Rabo.

"Ranka ya daɗe, a bar nata," in ji Rabo. "A ɗauka na Laraban shi ne gaskiya. A ce ga Tanko nan yana sata, babu wanda ya farka, babu wanda ya zo. A dubi gindin bango."

Ajidan ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dubi ƙwaryar da ke tsakiyar zaure.

"Ɓarawo yana cikin sata," in ji Rabo, "an riga an kife sawunsa, har da dutse. Kuma ranar Laraba da na ɗaga ta, rairayi ya binne bakinta ta gabas. Mai unguwa yana tsaye, ya gani. Tun bayan Litinin ba a sake iska a garin nan ba."

"Na gani," in ji Shekara a hankali. "Wallahi na gani."

"Sawun Tanko ne, ban yi ƙarya ba. Amma na ranar Lahadi ne, da ya tuɓe takalmi yana sauke mana gero. Tun ranar aka ajiye shi, kamar yadda ake ajiye iri. Da na ce amma, sai mai shi ya tsorata, ya ɗauko hoton Lahadi ya share mutane, har da kansa. Ƙwaryar ce bai gani ba. Wa yake ganin ƙwarya?"

Babu wanda ya dubi Rabo. Duk Cha'ibu suke kallo. Shi kuwa ya kafa wa tabarma ido, leɓensa yana motsi, gumi yana bin gefen kunnensa.

"Ni?" in ji Tanko. "Cha'ibu, me na yi maka? Tare muka sha ruwa a ƙwaryar nan."

Cha'ibu bai ɗago ba. "Ƙafarka ce kowa ya sani," in ji shi.

Zauren ya ɗauki salati. Na waje suka fara turo ƙofa, sai da jandarman ya gyara riƙon bindigarsa sannan aka lafa.

"Ina geron?" in ji ajidan.

Cha'ibu ya kau da kai.

Ajidan ya juya ga Rabo, ya rage murya. "Baba, na gamsu. Amma waɗanda ke jirana gobe ba za su karɓi ƙwarya da rairayi ba. In babu gero, cewa za su yi su biyu suka haɗa baki, ɗaya ya ci amanar ɗaya. Duka biyun za su hau motar."

Daga bakin ƙofa aka ji kukan Habsatu.

"A bar ni in ga kawuna," in ji Cha'ibu. "Mu biyu."

*

Aka bar su a soron ciki, jandarma yana tsaye a inda zai gan su amma ba zai ji su ba. Cha'ibu ya durƙusa ya kama ƙafar Rabo.

"Kawu, matata Mariama ta ce in ruwa bai sauka ba za ta bi matan Kance zuwa Aljeriya da yaran. Ka san waɗanda suka tafi bara ba duka suka dawo ba. Na ce in na riƙe geron har ya yi tsada..."

"Yaran Tanko fa? Su ba a haife su ba?"

Cha'ibu ya ƙara ƙanƙame ƙafar.

"Ina yake?"

"Kada ka tambaye ni, Kawu. Don kanka nake faɗa."

"Ina yake?"

"A rumbunka. Na hanyar Tsauni." Ya ɗago ido a karon farko. "Na san nan kaɗai ba za ka duba ba. Ni ba zan faɗa musu ba ko za su kashe ni. Amma in kai ka faɗa, ka san abin da za a ce. Za a ce shi ya sa ka ce amma. Za a ce shi ya sa sawu ya ɓace maka a kwalta. Kai za a sa a motar, Kawu, da tsufanka. Ka bari kawai. Tanko zai fito wata rana."

Rabo ya dubi Cha'ibu. Yaron bai yi ƙarya ba. Mutanen da ke waje yunwa suke ji, kuma tun Laraba suke masa wani irin kallo. Ya tuna ƙofar motar da aka rufe a kan Tanko, ya ga kansa a ciki. Ya tuna ƙanwarsa a kan shimfiɗar ajali tana ɗora hannun wannan yaro a cikin nasa. Ya dafa bango.

Ya karanta abin da ya sawwaƙa a zuciyarsa. Sannan ya sunkuya ya zare ƙafarsa daga hannun Cha'ibu, a hankali, ba tare da fushi ba.

Ya koma zaure. Aka buɗa masa hanya. Ya tsaya a gaban ajidan, ya ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Geron yana cikin rumbuna, a hanyar Tsauni. A kwance Tanko. Ni zan kai ku."